Ba Za a Yi Fomat Ba

Litinin, da hantsi

Kwamfutar ta sake yin ƙarar nan. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na gwaguyar katako a cikin akwati, sai ta sandare, sai ta farfaɗo. Ina tsakiyar buga hirar wata tsohuwar ungozoma da Malama mai bincike ta aiko mini. Tsohuwar na cikin labarin wata haihuwa mai wuya, muryarta ta maƙale a kan "yunƙura", ta yi ta cewa yunƙura, yunƙura, yunƙura, har na zare iyafis na ajiye. Ni ma abin da nake ce wa kwamfutar ke nan.

Aikina ke nan tun ɗiyata na goye: a kawo mini muryoyin mutane, in saurara, in mayar da su rubutu. Kunne biyu, yatsu goma, da ƙafa ɗaya. Akwai feda a ƙarƙashin tebur, in na taka dama murya ta ci gaba, in na taka hagu ta koma baya. Ban taɓa duban kibod ba in ina aiki. Wannan ba alfahari ba ne, ina rubutawa ne don in tuna wa kaina.

Ga ƙarar, ga kuma rumbun ajiyarta ya cika maƙil. Akwai wata manhaja da nake son sakawa, ta ce babu wuri.

Na ƙara girman haruffa yau. Ba don komai ba.

Talata, bayan la'asar

Na kira Injiniya, mai gyaran kwamfuta na bakin titinmu, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar bene. Ya zo da jakarsa yana warin dalma. Ya kara kunne a jikin akwatin kamar likita, ya ɗago ya ce, "Hajiya, had-dis ɗin nan gargara yake yi. Yau ko gobe."

Na ce to a yi yaya.

Ya ce abu mai sauƙi. A sayo sabo babba, irin na yanzu wanda ba ya juyawa balle ya yi ƙara, a yi fomat, a sa mini sabon windo fes, ya kwashe mini fayilolina ya zuba a ciki. "Za ki ji ta kamar amarya."

Na ce ni ba amarya nake nema ba. Na nuna masa fedar. Manhajar da ke sa ta aiki, kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rufewa, faifan da ta zo a kai kuwa ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida. Na nuna masa inda na ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kan kibod, ni da marigayi maigidana muka zauna muka tsara su. Na danna maɓalli biyu, foldar Malama ta buɗe. Na danna wasu biyu, murya ta rage gudu. Na ce masa duk wannan yana cikin windon da kake so ka goge, kuma yatsuna sun san ƙofar kowane ɗaki a cikinsa.

Ya ce, "Ai za ki saba da sabon. Ki zauna ki duba, sati ɗaya kin gane kansa."

Ki duba.

Na ce ba za a yi fomat ba. Ya sosa ƙeya, ya ce akwai wata hanya, kulonin suke ce mata. A kwafe tsohon rumbun gaba ɗaya zuwa cikin sabon, windo da komai da komai, har dattin da ke lungu, ta yadda in ta tashi ba za ta ma san an sauya mata gida ba. Amma da rumbu mai ciwo irin wannan, ba ya ɗaukar alkawari.

Na ce ban tambaye ka alkawari ba. Sayo.

Laraba, da azahar

Na je asibiti. Likita ya sa rana, sati uku nan gaba. Ya yi bayani da yawa, ya zana wani abu a takarda ya turo mini. Na ce na gane.

Alhamis, da yamma

Yaya ya zo. Ban san wa ya gaya masa ba, amma ɗiyata ce, wa kuma. Ya zauna a kujerar marigayi yana kaɗa makullin mota, ya sha shayi, ya yi zancen tsadar siminti, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi.

"Akawu," haka yake kirana tun ina 'yar makarantar koyon tafireta, "an share miki ɗakin baya. An yi fenti. Akwai banɗaki a ciki, ba sai kin fito ba."

Ba sai kin fito ba. Da bakinsa ya faɗa, yana ganin kyauta ya yi mini.

Na ce na gode, ina da ɗaki. Ya ce benen nan fa? Na ce shekara nawa ina hawansa. Ya ce aikin nan ma ya isa haka, me kika rasa da ba zan iya yi miki ba? Na ce Yaya, shayinka zai huce.

A ɗakin baya aka ajiye Inna lokacin da abin ya same ta. Kowa na sonta, kowa na taimaka mata. Wannan ta gyara mata gado ta matsar da buta, waccan ta share ɗaki ta rataye carbi a wani ƙusa. Inna ta wuni tana lalube a ɗakinta kamar baƙuwa, har ta gaji ta daina neman komai, ta zauna ta harɗe hannu tana jira a miƙo mata. Matar da ke yanka atamfa ba tare da awo ba.

Ba zan shiga ɗakin baya ba.

Asabar, da hantsi

Sabon rumbun ya iso. Na zaci wani abu ne mai nauyi, sai Injiniya ya ɗora mini wani ɗan falle a tafin hannu, bai kai kwalin ashana biyu ba, ba nauyi ko kaɗan. Na ce wannan ne zai ɗauke kayan shekara goma sha? Ya ce har da na jikokinki.

Ya jona shi da kebul ta baya, ya kunna manhajar kwafewa, wani koren layi ya fara tafiya. Ya ce kada a taɓa komai, kada a girgiza tebur, ya tafi shago. Na zauna na tasa ta a gaba kamar mai jinya. Layin na tafiya kamar hawainiya. Ƙas, ƙas, ya tsaya, ya ci gaba.

Ya kusa rabi aka ɗauke wuta.

Batirin da ke riƙe ta in wuta ta tafi ya yi ƙara sau ɗaya, ya mutu murus. Ashe shi ma ya daɗe da gamawa, yana zaune ne kawai a ƙarƙashin tebur yana cin ƙura. Ban yi kuka ba. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Lahadi, da safe

Kwamfutar ta tashi da ƙyar. Na gama hirar ungozoma na aika kafin ta canza shawara. Ba za a yi fomat ba.

Litinin, da azahar

Injiniya ya ɗauke ta zuwa shagonsa, can akwai sola. Da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, nake rubuta wannan a bayan tsohuwar kalanda. Kalma huɗu layi ya cika. Teburin ya zama fili, sai wayoyi a zube.

Talata, da safe

Ɗakin shiru. Ban san ƙarar fankarta na taya ni zama ba.

Talata, bayan la'asar

Malama mai bincike ta kira. Muryarta a sanyaye, irin ta masu gaisuwar mara lafiya. Wai ta ji, Allah ya ba da sauƙi, kada in damu da sauran kaset ɗin, za ta ba wani. Na ce wa ya ce miki? Ta ce yayanki ne ya kira.

Bari in ajiye makar nan, yau na gama rubutu.

Laraba, da yamma

Na samo babban littafin zane na yara, ya fi kalanda faɗi, don yau da magana a bakina.

Na je shagon Yaya da kaina. Tsallaka babban titi ya zama aiki, motoci sai sun zo dab nake sanin da su, amma na tsallaka. A ƙofar shagon na yi karo da tulin bokitan fenti, suka watse. Ba a wurin suke ba da. Yaransa suka taso, na ce kowa ya koma inda yake.

Na same shi a ciki tsakanin buhunan siminti. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce Yaya, da izinin wa ka kira mai ba ni aiki? Ya ce rage murya. Na ce ba zan rage ba. Ka aurar da ni, ka yi mini wakilci a komai, ka binne mini miji, duk na gode. Amma aikin nan ba kai ka ba ni ba, ba kai za ka karɓe ba.

Ya ce, "Ke ba ki san abin da ke gabanki ba."

Na ce na fi ka sani, ni ke cikinsa.

Sai ya ce, "Ni na tsinci Inna ranar da ta faɗi a bakin rijiya. Ke kina makaranta. Ni na ɗauke ta, jini na bin rigata. Ba zan sake ɗaukar wata ba, Akawu. Ba zan iya ba."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Ban taɓa jin haka daga gare shi ba, ko ranar da aka fita da Baba. Na tsaya. Na so in ce wani abu mai laushi, wallahi na so. Abin da ya fito shi ne, "To ka kira Malama ka ce ka yi kuskure."

Bai ce zai kira ba. Ya sa direbansa ya maido ni. Na yarda na shiga motar don ƙafata ta bugu da bokiti, ba don komai ba.

Alhamis, da hantsi

Injiniya ya hauro sama yana haki. Kwafewar ta tsaya cak a wuri ɗaya, ya gwada ya sake gwadawa, nan take tsayawa. Akwai wuraren da suka ruɓe a jikin tsohon rumbun, ba sa karantuwa. Ya ce zai iya umartar manhajar ta riƙa tsallake ruɓaɓɓen wuri ta wuce, amma duk abin da ke zaune a wurin ya tafi, kuma ba zai san mene ne ba sai an gama. Zai iya zama shara. Zai iya zama windon kansa.

"Ko kuma," ya ce.

Na ce kada ka ƙarasa. Tsallake.

Juma'a, da yamma

Likita ya ƙara wani maganin ɗigawa. Yana da zafi kamar barkono. Mutane na yawan cewa "kin gani ko?" Mai kanti ya faɗa, maƙwabciya ta faɗa, har likitan ma ya faɗa. Da ban taɓa lura ba.

Asabar, da la'asar

An gama kwafewa! Injiniya ya kira ni shago in tabbatar. Ya ce ta tashi lafiya, windo bai taɓu ba. Ruɓewar ta faɗa a kan folda ɗaya ce, ta hotuna.

Na ce buɗe. Na matsa har hancina ya kusa taɓa allon. Hotunan marigayi ne da na bikin ɗiyata. Wasu sun ƙi buɗewa sam. Wasu sun buɗe rabi: ga hula, ga goshi, daga nan zuwa ƙasa toka-toka kamar an shafe da siminti. Akwai wanda muka ɗauka a bakin ruwa, yana dariya, wanda na ce zan zauna in kalla sosai kafin ranar. Sai sararin sama ya rage da kan wata bishiya.

Injiniya ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya ruɓar. Na ce bari, ai haka nake ganin kowa yanzu, rabi-rabi. Ya yi dariya don ya zaci wasa nake.

Na san fuskar mijina. Ba na bukatar kwamfuta ta tuna mini.

Na dawo gida na kwanta da rana tsaka, abin da ba na yi.

Litinin, da azahar

Abin da ya faru ke nan, zan rubuta shi yadda yake.

Injiniya ya kawo ta da safe, ya jona wayoyi, ya cire tsohon rumbun ya nannaɗe a leda ya ba ni, ya ɗaure sukurori. Ana ta kiransa a waya wani ya kawo aiki, ya ce in kunna kawai, ya riga ya gwada a shago, ya sauka a guje.

Na kunna. Fanka ta tashi. Ban ji ɗan kiɗan da take yi in ta buɗe ba. Allon baƙi, da wani farin abu siriri a can sama. Na kashe na kunna. Haka.

Na kira shi. Ya ce, "Me ta rubuta?" Na ce wani rubutu ne. Ya ce, "Karanta mini." Na ce da Turanci ne. Ya ce, "Hajiya, ke da kike buga wa masu digiri takardu? Karanta mini ko layin farko."

Na kai fuska. Na juya kai gefe, ta inda ɗan abin da ya rage yake. Na ɗauko gilashin ƙara girma. A wannan baƙin allon babu maɓallin da zai ƙara girman haruffa, sai windo ya tashi, shi kuwa ya ƙi tashi. Farin abin yana nan kamar zaren da ya faɗi a rijiya.

Ya ce, "Hajiya, kina jina?"

Na ce, "Ba na gani, Injiniya. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama saura kamar ramin makulli, shi za a yi wa aiki, kuma likita bai ce zai tsira ba. Ba zan iya karanta maka ba."

Ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau. Ko ɗiyata a takardar asibiti ta gani. Kuma wai mai gyaran kwamfuta na fara gaya wa, a waya, ina tsaye da gilashi a hannu.

Bai ce sannu ba, bai ce Allah sarki ba. Ya ce, "Gani nan."

Litinin, bayan la'asar

Ya zo ya zauna, ya yi ta danne-danne. Ya ce laifinsa ne. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a ɓoye a farkon rumbu, shi ke tayar da windo daga barci, shi ne bai kwafu daidai ba. A shago ta tashi ne don tsohon rumbun na ciki yana tayar da ita. Ya sa filashinsa, ya gyara sashen, ya kunna.

Kiɗan ya fito. Ban ma gama gyara zama ba ta buɗe, da kuwa sai in ɗora ruwan shayi in dawo tana miƙa.

Ya ce in gwada. Na sa ƙafa a kan feda, murya ta tafi. Na taka hagu, ta dawo. Na buga ɓarawo, ɗan ƙauye, ƙwarƙwata, duk suka fito da ƙugiyoyinsu, shi ya karanta mini. Na danna maɓalli biyu, foldar Malama ta buɗe. Komai na inda na bar shi. Ya buɗe mata sauran filin sabon rumbun, ya ce yanzu ko muryoyin garin nan duka aka kawo akwai wuri.

Sannan ya ce, a hankali, "Manhajar da kika ce ta ƙi shiga. Mai karanta allo ce, ko?"

Na ce ita ce.

Ya saka ta. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Da kin gaya mini tun farko, da ban yi miki zancen fomat ba." Na ce da na gaya maka tun farko, da ka yi mini aikin tausayi, ni kuwa aikin ƙwarai nake so. Ya ce, "Hajiya, ke dai ba a iya miki." Na ce haka Yaya ke cewa.

Talata, da hantsi

Na dawo kan kibod ɗina. Muryar da ke karanta allon wata mata ce mai mura wadda ba ta taɓa jin Hausa ba. Tana kiran ƙofa "ofa", ɗaki kuwa sai ta yi tsalle ta wuce harafin farko kamar ta taka wuta. Na yi dariya har na ƙware. Amma tana faɗa mini inda nake, wace folda, wane layi. Za mu saba. Na sa mata suna Baƙuwa.

Alhamis, da safe

Ina ɗaure fuska da ɗankwali in yi aiki. Jiya na ɓata sau da yawa, na rufe fayil ban adana ba, na zagi Baƙuwa, ta ci gaba da magana abinta. Yau da sauƙi.

Malama ta aiko da sababbin kaset, ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ko Yaya ne ya kira, ko ita ce ta rasa wanda zai iya da muryar tsofaffi marasa haƙora. Duk ɗaya.

Asabar, da yamma

Ɗiyata ta iso da akwati biyu da ƙaramin cikinta. Ta shigo ta same ni da ɗankwali a fuska ina bugu. Ta tsaya a bakin ƙofa, na ji numfashinta ya canza. Na ce in kuka za ki yi, shiga banɗaki, ina tsakiyar jimla.

Can da na fito daga alwala na tarar tana gyara mini tebur. Ta matsar da kofin biro, ta naɗe wayar iyafis, tana shirin jan fedar ta share ƙarƙashi. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun tana ƙarama. Ta saki tsintsiya. Ta ce, "Umma, taimaka miki nake." Na ce na sani, shi ya sa.

Daga baya na kira ta, na kama hannunta na bi da shi kan komai: nan kofi, nan magani, nan iyafis, nan feda, ƙafar tebur ta hagu ce alamarta. Na ce duk abin da kika ɗauka a gidan nan, ki mayar da shi inda kika same shi, ko da a ganinki wurin bai dace ba. Shi ke nan abin da nake roƙo. Ta ce to. Ta mayar da kofin da kanta, ta tambaye ni ko daidai ne. Ya ɗan matsa gefen dama, amma na ce daidai ne.

Litinin, da la'asar

Gobe ne. Na hau kan bene na tsaya. Akwai wata mata a gidan da ke kallonmu tana shanya, wani zane ja, wani shuɗi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ta ramin makullina har ta gama.

Ina jin tsoro. To, na rubuta. Ba zan goge ba.

Asabar, da hantsi

Baƙuwa ce ke karanta mini abin da nake bugawa, in an ga kuskure ita za a tambaya.

An yi. Ba zan ba da labarin ɗakin aikin ba. Da aka sallame ni Yaya ne ya zo da mota, shi ke tuƙi da kansa. Ina baya da bandeji, ɗiyata na riƙe da hannuna. Muka wuce gidan mai, na ji warinsa. Muka hau gadar nan mai ƙara. Bayan gada hanyar gidana dama ce, akwai ramin da kowace mota ke faɗawa. Sai na ji mun yi hagu, titi sumul.

Na ce, "Yaya, wannan ba hanyar gidana ba ce."

Hannun ɗiyata ya yi sanyi a cikin nawa.

Ya ce, "Kwana biyu kawai, har ki warware."

Na ce, "Tsaya in sauka. Zan tambayi mutane hanya." Na lalubo marfin ƙofa na kama. Ba wasa nake ba, kuma ya san ba wasa nake ba.

Ya taka birki. Mun daɗe a tsaye a gefen titi, inji na aiki, masu babur na ta yi mana hon. Sannan na ji ya sauke numfashi, ya juya kan motar. Da muka faɗa ramin nan na kusa yi masa godiya, ramin nake nufi.

A matakala ya riƙe mini gwiwar hannu, na bar shi.

Talata, da azahar

Tun jiya ake buge-buge a matakala. Yaya ne ya turo mai walda a sa ƙarfen riƙewa daga ƙasa har sama. Shi da kansa ya tsaya a kan aikin yana faɗa, wai an karkace. Bai shigo ba. Na aika masa shayi, ya sha, ya aiko da kofin da saƙo wai sukari ya yi yawa.

Alhamis, da yamma

An cire bandeji. Likita ya haska fitila, ya tambaya, na amsa. Ina gane inda taga take. In mutum ya gifta ina sanin wani abu ya gifta. Ya ce a jira kumburi ya sauka, wataƙila a samu ƙari. Yadda ya faɗi wataƙilar, na shekara ina sauraron muryoyin mutane, na san irinta.

Ɗiyata ta yi kuka a mota. Ni ban yi ba sai da na shiga wanka.

Asabar, da safe

Na tashi da wuri na zauna aiki. Kaset ɗin wani tsohon direban jirgin ƙasa ne, mai surutu, yana fara labari ya saki ya kama wani, yana dariya tun kafin ya kai wurin abin dariyar. Na bi shi. Ƙafa na takawa, yatsu na gudu, Baƙuwa na gunaguni a kunne ɗaya, shi yana zuba a ɗayan. Rabon da aiki ya yi mini daɗi haka har na manta.

Ban ji shigowar ɗiyata ba sai da ta ajiye shayi a inda muka yi da ita. Ta tsaya a bayana. Can ta taɓa kafaɗata, na ɗaga ƙafa, tsohon ya yi shiru.

Ta ce, "Umma, allon a kashe yake. Tun jiya da na goge shi na manta ban kunna ba."

Na ce shafi nawa na yi? Ta kunna, ta duba, ta ce sun fi goma. Na ce karanta mini na ƙarshe. Ta karanta har ta kai inda tsohon ya ce ya taɓa tsayar da jirgi guda saboda akuya, sai dariya ta ƙwace mata.

Na ce akwai kuskure? Ta ce babu.

Na ce to kashe shi, ki ja mini ƙofa. Mutumin nan bai gama magana ba.